Ba Zan Goge Yona Ba

"Ba ni wayar nan, Hadassah!"

Ko takalmi ban cire ba Mama ta tare ni a ƙofar falo. Daga shagon kitso nake, rana ta gasa ni tun daga Chanchaga har gidanmu a Shango, ruwa kawai nake nema.

Sai na leƙa ciki. Kai! Matan zumunta na cocinmu ne cike da falo, kowacce da zanen anko, har da tulun kiɗa. A kujerar Baba kuwa Andrawus ne, saurayina, wanda ake shirin ɗaura mana aure bayan Kirsimeti. Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur.

"Wa ya mutu?" na ce.

"Ke muke so kada ki mutu," in ji Maman Vivian, shugabar zumunta. "Zauna, 'yata. Wane ne Yona?"

Na juya na kalli Andrawus. Wallahi da ido yana duka, da ya sha kashi a wurin.

Yona dai tsoho ne mai tuƙa kwale-kwale a cikin wani gem, wato wasa, da ke wayata. Ni na raɗa masa sunan. Bara, da keke napep ya kife da mu na karye a cinya, na yi watanni a kwance. Makon farko kowa ya zo dubiya da lemo da ayaba, daga nan ƙafa ta ɗauke. Andrawus kan leƙo ran Lahadi, ya yi minti goma yana duba agogo.

A kwancen nan na fara gem ɗin. A cikin wasan ni ce yarinyar da ke neman hanyar gida bayan ambaliya ta cinye garinsu, tsohon nan yake tuƙa ni. Gurgu ne, ga faɗa, ga rowar magana. Amma duk sanda na faɗa ruwa sai ya miƙo sandarsa ya ce, "Kama, ban tafi ba." Ranar da na fara taka ƙafata, maganar nan nake maimaitawa ina dafa bango.

"Mutumin gem ne," na ce musu. "Zane ne, Mama, ba mutum ba."

"Zane ne kike masa kuka?" Andrawus ya ɗago. "Shekaranjiya da kunnena na ji ki! 'Yona kar ka mutu, Yona ka jira ni...' Ni ko zazzaɓi na yi ba ki taɓa min hawaye haka ba!"

"Shi ne ka kwaso ƙafa ka zo ka gaya wa Mama?"

"Rabin raina, don ina son ki ne..."

"Riƙe rabin ranka, ka haɗa da ɗayan rabin!"

Matan suka ɗauki salati irin nasu, "Yesu! Yesu!" Maman Vivian ta buga cinya.

"Kun ji ko? Ba ita ke magana ba. Mijin aljani ne! Haka suke yi, su shiga ta mafarki, yanzu kuma sun koyi shiga ta waya. In ba a raba su ba, aure ba zai zauna ba, haihuwa ma sai dai ta gani a gidan wasu."

Mama ta fashe da kuka. Nan ne jikina ya yi sanyi, don matar nan ita ta yi ta ɗaga ni tana kwantarwa duk tsawon jinyata.

"Ki goge shi a gabanmu, mu yi addu'a, shi ke nan," Mama ta ce. "Dangin Andrawus sun ce ba za su kawo kaya ba sai an yi."

Abin da ba su sani ba, gem ɗin a cikin wayar kawai yake ajiye. In na goge, ko na sake saukewa, wani tsoho zan tarar wanda bai san ni ba. Ba shi ne wanda na ba wa rabin abincina a tsibiri ba, ba shi ne ya ba ni labarin 'yarsa da ruwa ya tafi da ita ba.

"Addu'a ku yi, zan ce amin har muryata ta dushe," na ce. "Amma ba zan goge shi ba."

"Hadassah!"

"Ba zan goge ba, Mama! Ba na bauta masa, ba na mafarkinsa. Ina ƙaunarsa, eh, na faɗa! Ya zauna da ni lokacin da masu rai suka gaji."

Andrawus ya miƙe tsaye. "To zaɓi. Ni ko shi."

"Kunya ba ta kama ka ba? Kishi da gurgun tsoho na cikin waya?"

Wata daga cikin matan ta ƙyalƙyale da dariya, ta yi sauri ta toshe baki. Ina ganin dariyar nan ce ta tunzura shi. Ya fizge wayar daga hannuna ya yi tsakar gida, inda Mama ta ɗora tukunyar wake a kan gawayi. Ya ture tukunyar, ya cusa wayar cikin garwashi.

Ban san sanda na zura hannu ba.

Na fito da ita, robar tana narkewa a yatsuna. Na danna, na sake dannawa... baƙi ƙirin.

Ba wanda ya buga tulu, ba wanda ya ce haleluya.

"Masoyiyata, zan saya miki sabuwa," ya ce. "Wadda ta fi wannan..."

Daga ƙonannen hannun na murza zoben baikonsa na cire. Fata ta biyo shi, ban damu ba. Na ajiye masa a kan murfin tukunya.

"A kan wasa za ki rabu da ni?"

"Ka gan ni ina kuka, ka je ka tara min jama'a. Na ce maka ina son abu, ka sa shi a wuta. Gobe me za ka ƙona? Fita, Andrawus."

Maman Vivian ta buɗe baki, Mama ta riga ta.

"Ku yi haƙuri, ku je gida. Duk ku je."

Bayan sun watse ta jawo bokiti ta tsoma hannuna a ruwan sanyi. Sai a lokacin kukan ya zo min, mai ƙarfi, har da shessheƙa. Ba don zoben nake yi ba, ita ma ta sani.

Ta daɗe tana kallon narkakkiyar wayar a ƙasa.

"Tsoho ne, kika ce?"

"Tsoho ne, Mama. Saura kaɗan ya kai ni gida."

Ta gyara ɗaurin zanenta, ta durƙusa a gabana kamar yadda take yi in ta shiga gidan makoki, ta riƙe lafiyayyen hannuna da nata biyu.

"Sannu da rashi, 'yata," ta ce. "Sannu da haƙuri."