Karkarwar Sandar Ɗakin Baya

Ranar da sandar ta daina karkarwa, injiniya ko murna bai iya yi ba. Shekara bakwai yana fama da ita a ɗakin baya, doguwar sandar inji ce, da ta ɗau gudu sai ta hau rawar ɗari. A ƙarshe ya zura mata wayoyin wani ƙarfe mai tuna siffarsa: ka lanƙwasa shi, ka ɗumama, ya koma yadda yake. Matarsa ta ce ƙarfen ya fi shi hankali, shi da ke neman tabarau suna kan goshinsa. Ya ba wayoyin zafi, suka ɗame, sandar ta yi tsit tana juyi.

Da magariba kofuna suka fara kaɗawa a kan tire. Sai tsakuwa a kan rufi, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jifan ba ya sauri. 'Yarsu tana yanka albasa, hannunta ya ɗauki rawa, rawar ta bi jikinta duka. Kwana uku ba ta tsaya ba. Likita ya duba, ya kawar da kai. Uwar ta daina kuka, uban ya daina magana, suna dai zaune suna kallo.

Aka ɗauko wani tsohon malami. Ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya buɗe da muryar dattijo.

"Malam, sassauta. Ni ba ɗan rigima ba ne. A karkarwar sandar nan nake zaune, da iyalina. Wannan bawan Allah ya gasa mu ya koro mu."

"Fita daga jikinta."

"In tafi ina? Injin wankinsu na gwada, matsatsi ne. Ya maido min gidana kawai."

Malamin ya dubi uban. Jibi ne uban zai nuna aikin a gaban manyansa. Ya tashi a hankali, ya ɗauki filaya. Wayoyi goma sha biyu ne, ya zare su ɗaya bayan ɗaya, ya kunna injin. Sandar ta hau rawa. Yarinyar ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

Har yau injin na kunne, tagogi na amsawa. Kwanaki yarinyar ta leƙo da littafi a hannu.

"Baba, don Allah kashe abin nan. Na kasa karatu."

Ya kalli hannunta, ba ya rawa.

"Ki saba da shi," ya ce.