Ƙofar Shuɗin Fenti

Odessa mai gyaran gashi ce ta fara gaya min, ranar Asabar a kicin ɗinta, tana danne min kunne kada mataji mai zafi ya ƙone ni.

"Ernestine, kina da ƙarfin hali. An fasa auren jikarki, ke ga ki nan kina gyangyaɗi."

"An fasa me?"

"Au, ba ki ji ba? Dorian ya ce a dakata. Uwarsa ma, Madam Corliss, haɗa kaya take yi za ta bar garin nan na Dayton."

Na tashi da rabin kai a gyare, rabi a tsaye, na nufi gidan 'yata Lavonne. Na tarar da jikata Renita a kujera tana juya zoben a yatsa, ido duk ya kumbura. Uwarta kuwa sai kai da kawowa take yi, ta goge tebur, ta dawo ta sake goge shi.

Dorian, wanda zai aure ta, direban bas ne. A ƙungiyar mawaƙan coci suka haɗu da Renita. Yaro ne mai kunya, shi ya gyara min matakalar gida ba wanda ya sa shi. In an tambaye shi ubansa sai ya ce, "Ni da mahaifiyata ne kawai." Ni wannan ta ishe ni. Lavonne ba ta ishe ta ba.

"Me kika yi?" na ce mata.

"Mama, ni fa uwa ce! Yaro ba uba, ba dangi, kawai in ɗauki 'ya in miƙa masa?"

"Ban tambaye ki ko ke wace ce ba, ni na haife ki. Me kika yi?"

Renita ce ta amsa. "Kaka, sunansa ta sa a intanet, a shafin nan da ke tono mutane. Komai ya fito! Gidajen da suka zauna, tsohon sunansu, har wani mutum a jihar Alabama da lambar wayarsa. Sai ta kira shi!"

"Har kuka ya yi min," in ji Lavonne. "Ya ce shekara da shekaru yana neman ɗansa. Na ce bari in haɗa su ranar biki, kowa ya yi murna. Sunan da suke amfani da shi yanzu kawai na faɗa masa, da garin. Ban ba shi adireshi ba!"

Renita ta ce, "Ba sai kin ba shi ba, Mama! Shafin da ya nuna miki shi, shi ya nuna masa su. Bara Dorian ya saya wa mahaifiyarsa gida, takardar sayen tana ofishin gunduma, kowa yana iya gani. Har hoton gidan yana nan!"

Ashe mutumin nan, uban Dorian, shi ya karya wa Corliss muƙamuƙi. Ta gudu da jariri a hannu, ta canza suna, ta yi ta canza gari har yaron ya girma. Ranar Alhamis wayarta ta yi ƙara. Ta ɗauka, wata murya ta ce, "Shuɗin fentin ƙofarki ya yi kyau." Shi ke nan, aka kashe.

Na jawo kujera na zauna.

Da yamma Dorian ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi shiga. Renita ta ruga wurinsa.

"Zan bi ku! Duk inda za ku, zan je."

"Ki zauna, Nita. Na san rayuwar gudu, ba zan sa ki a ciki ba." Bai ko kalli Lavonne ba.

Na ce, "Kai yaro, shigo ka rufe min ƙofa, sanyi na shiga. Uwarka ta gama gudu. Ina da ɗaki. Gidan nawa har yau da sunan marigayi mijina Cleophus yake, injin binciken nan na intanet ba zai haɗa ta da shi ba. Ta zauna wurina har kotu ta ba da takardar hana mutumin kusantarta."

Dorian ya ce, "Kaka, in ya biyo ta fa?"

"Ya tarar da ni, da fasto, da duk matan layin nan a taga. Ka taɓa ganin abin da ya wuce Odessa ba ta gani ba?"

Ya kusa dariya, sai hawaye ya riga ta. Na juya ga 'yata. "Ke kuma gobe za ki tsaya gaban matar nan ki ba ta haƙuri. Ba 'ni uwa ce', ba 'na zata'. Ita ma uwa ce."

Lavonne ta rufe fuska, ta ɗaga kai alamar to.

Dorian ya kama hannun Renita. "Ki ba ni lokaci. Kada ki cire zoben."

Ba ta cire ba. Ta jira, ba ta matsa masa ba, ba ta kuma juya wa uwarta baya ba. Da zafi ya shigo aka ɗaura auren a bayan gidana. Baki da baki aka gayyaci mutane, ba a sa hoto ko ɗaya a waya ba, Corliss da Lavonne suka raba kek tare.

'Yan mata, ku ji ni, iyaye ma ku ji. In mutum ya rufe wani abu a rayuwarsa, ku tambaye shi da baki, ku jira amsa. Injin nan ya san inda kowa yake kwana, amma bai san wanda ya kamata ya gaya wa ba.

Ni dai, kashegarin Asabar ɗin da Dorian ya zo, ban je cocin safe ba. Na buɗe ɗakin Cleophus da ban taɓa ba tun rasuwarsa, na wage tagogi, na shimfiɗa sabon zanen gado. Na ɗaura ɗankwali a kan rabin gashin nan, na tada tsohuwar motata, na je na ƙwanƙwasa wa Corliss ta ƙofar baya.