Marinar Jaji

Ana gobe za a buɗe sabon asibiti a Unguwar Jaji, wani ɗan ƙauye tsakanin Kusada da Kankia, Malam Ɗalha ya hau babur da yamma ya nufi kufan tsohon gari. Malamin firamare ne, shi aka ɗora wa ba da tarihin gari a wurin taro. To, wa za a ba in ba shi ba? Jikan Jaji ne, kuma sunan Jaji za a liƙa wa asibitin.

Tarihin kuwa kowa ya haddace shi. Zamanin Turawa, da aka zo ɗibar samari aikin dole na haƙar kuza, Jaji marini ya ɓoye na garinsu cikin wani busasshen ramin rini. Da masu ɗiba suka wuce, wai ya fito da su suka tsere Maradi. Har ana cewa ɗayansu, Auwalu, ya zama hamshaƙin attajiri a can. Ko goronsa ba a taɓa gani ba, amma Ɗalha ya sa shi cikin manyan 'ya'yan gari. Hoton marinar kawai yake so ya ɗauko ya nuna wa baƙi.

Ya jingine babur gindin wata tsamiya, ya kutsa cikin sabara. Ramukan duk sun cike da ƙasa, sai guda ɗaya da aka danne da faffaɗan dutse, aka yaɓe gefensa da laka. Damina ta zaizaye lakar, ta bar tsaga.

Wani wari ne ya fara tarbarsa. Warin tsohon baban rini, haɗe da wani abu mai kama da mushen da ya kwana cikin randa. Tir! Ya toshe hanci da hula, yawu na tsinkewa a bakinsa. Manyan ƙudaje masu sheƙi suna shiga tsagar suna fita.

Ya matsa, ya ɗaga waya.

"Baba Jaji?"

Raɗa ce, daga ƙarƙashin dutsen.

"Baba Jaji, kai ne? Mun ji ƙamshin jikinka. Sun tahi?"

Ɗalha ya buɗe baki zai yi ta'awizi, muryar ta riga shi.

"Ka ce da la'asar za ka buɗe mana," in ji muryar. Wasu muryoyin suka kama tari a bayanta, tari mai laka. "Ƙishirwa, Baba. Mun lashe katsin rinin da ya bushe a ramin duka. Ni ne, Auwalu. Kana duba mani gonata ta fadama? Ta wajen giginya biyu?"

Gonar giginya biyu! Ita Ɗalha ya gada. Masararta ya ci da rana, tana nan cikin cikinsa. Nan take ya gane Maradin da Jaji ya kai su, ya gane yadda talakan marini ya wayi gari da gonaki. Ya durƙusa ya kwarara amai.

Hannu ya zuro ta tsagar.

Shuɗi ne, kumburarre, fatar tana saɓulewa kamar ta dafaffiyar kaza.

Ya cafke idon sawun Ɗalha. Sanyi. Santsi.

"Sun tahi? Mu hito?"

Dutsen ya motsa. Wasu yatsun suka leƙo.

Kalma ɗaya suke jira, kuma ya san gaskiyar: masu ɗiba sun tafi tun kafin a haifi ubansa. Amma in sun fito, gidan wa za su fara nema?

"Ba su tahi ba," ya raɗa. "Ku yi shiru. Ku ƙara haƙuri."

Hannun ya sake shi a hankali, cikin ladabi.

"To, Baba."

Bai san yadda ya tayar da babur ba.

Washegari ya tsaya gaban jama'a da doguwar safa, ya yabi Jaji, ya ambaci attajirin Maradi, aka yi tafi raf-raf. Da wani baƙo ya tambaye shi yawan mutanen garin, sai ya ce bai da tabbas.

Shatin yatsu shuɗi bai bar ƙafarsa ba, sabulu da toka duk sun gaza. Matarsa Hawwa ta ce yana warin rini, ta raba musu shimfiɗa. Ya daina cin amfanin fadamar, amma bai sayar da ita ba, bai kuma gaya wa kowa ba.

Abin da ya fi ba shi ƙyamar kansa shi ne, kullum rana ta yi ja, in ya ɗaga murfin randa zai sha ruwa, sai ya ji raɗar nan daga ƙasa, cike da yarda:

"Baba, sun tahi?"

Shi kuma sai ya ce tukuna, ya mayar da murfin.