Rahoton Majemar Alhaji Nomau

"Ke ce kika sa hannu, Tsahara?"

Ta juyo a firgice, akwatin kwalaben ruwa rungume a ƙirjinta. Kailu ne tsaye a bakin tashar jirgin ruwa ta Treichville, idonsa jajir.

"Ni ce..."

"Majemar Babana! Saura wata biyu a ɗaura mana aure!"

Shekara huɗu ke nan Tsahara tana aikin gwamnati, tana bin rafuka tana zana taswirarsu, tana auna lafiyar ruwa da ta kifi. A wannan karon aikin ya kai ta bayan majemar fatu ta Alhaji Nomau, mahaifin Kailu, a unguwar Adjamé, inda baƙin ruwa mai ɗoyi ke gangarawa cikin lagun, babban tafkin birnin. Rahotonta ne ya sa aka garƙame wurin.

"Masoyina, ka saurare ni. Sau uku na auna. Kifi na mutuwa, matan da ke wanki a can ƙafafunsu duk gyambo..."

"Ladidi ta ce dama ba ni kike so ba. Hanyar shiga majema kike nema."

Ladidi 'yar kawunsa ce, ta daɗe tana harinsa. Tsahara ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi.

"Kai ma ka yarda?"

Jirgi ya yi ƙaho, ta shiga tana share hawaye da gefen mayafi.

Washegari Alhaji Nomau ya zo gidan su Tsahara a unguwar Biafra da kansa. Ta durƙusa ta gaishe shi, Innarta na tsaye a ƙofar ɗaki.

"'Yata, abin ba wuya," ya ce a hankali. "Ki ce kwalaben sun cakuɗe. Aure na nan yadda yake."

"Baba, ku gafarce ni... ba su cakuɗe ba."

"Tsahara!" Inna ta dafe ƙirji. "Ki rufa mana asiri!"

Alhaji ya miƙe ya kakkaɓe riga.

"To, a mayar mana da kayanmu."

Aka mayar da lefe. Ita kuwa ma'aikata ta tura ta arewa auna kogin Bandama. Wata uku tana cikin kwalekwale, tana aiki da rana, abinci ba ya shiga. Ko wasiƙa ɗaya ba ta samu ba.

Ranar da ta dawo, a tsakar gidansu ta tarar da shi, wandonsa laka har gwiwa.

"Kailu?"

"Na je na ga matan nan da idona," ya ce. "Na ga ƙafafunsu. Na tambaya a ofishinku, suka ce a haƙa ramukan da ruwa zai kwanta kafin ya fita. Na haƙa uku. Baba bai sa baki ba, amma bai hana ba. Ki yafe mini, masoyiyata... ki zo ki auna."

Ta dubi lakar wandonsa.

"In ruwan bai yi ba fa?"

"Ki rubuta bai yi ba. In sake haƙawa."

Awon farko bai yi ba, haka ta rubuta. Kailu ya ɗauki shebur ya koma.

Na biyu ya yi, aka sake buɗe majemar.

Da ƙaramar Sallah aka ɗaura auren. Ranar, Alhaji Nomau da kansa ya riƙe hannunta ya shigar da ita gidan.