Soson Matata

Ranar da aka shigo da tankin kifin, Auta tana bakin ƙofar falo, hannu a ƙirji. Gilas ne zalla, tsawonsa ya kai doguwar kujera, ƙarti shida na nishi a ƙarƙashinsa. Saurayin da zai haɗa shi ya ɗago ya gan ta.

"Ƙanwata, ki yi numfashi mana. Ba zai fashe ba."

"Idan ya fashe fa?"

"Sai in koya miki iyo."

Sati uku yana zuwa gwada ruwa kafin a saka kifi, ita kuma kullum sai falon ya buƙaci shara. Ta raɗa masa suna Mai Gilas.

Da Baba ya gano suna son juna, sai ya haɗe rai, don akwai ɗan abokinsa likita da ya daɗe yana zaryar neman aurenta.

"Kifayen nan goma sha biyu, tun mahaifiyarki tana da rai nake kiwonsu," in ji shi. "Su yi wata biyu a tankinsa lafiya, ya turo manyansa. Ɗaya ya mutu, magana ta mutu."

Tun daga ranar tsoro ya tare a cikin Auta. Kowace safiya sai ta ƙirga su.

Saura kwana huɗu wata biyun su cika, ta leƙa ƙarƙashin tankin, ta ga soson matatar ruwa ya yi baƙi ƙirin. Auta kuwa ko cokali sau biyu take wankewa. Ta dirje shi tas da sabulu, ta mayar.

Washegari ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara. Kifayen sun taso sama suna buɗe baki. Nan take ta tura saƙo:

"Mai Gilas ɗina, ka zo yanzu. Suna haki. Jiya na wanke soson. Tsoro nake ji."

Ya amsa: "Autata, kada ki ba su abinci. Dattin nan shi ke tace ruwan, akwai ƙananan halittu a ciki. Ina hanya. Ki yi shiru, ni zan ɗauka."

Ya iso da bokitai da tsohon soso daga tankin shagonsa. Ya kwashe rabin ruwan, ya zuba sabo. Goma sha ɗaya suka farfaɗo. Amma wani ja, wanda mahaifiyarta ta fi so, ya kife bai ƙara motsi ba.

Baba ya daɗe yana kallon kifin. "Me ya faru?"

"Kuskurena ne, Baba," in ji Mai Gilas, ya fara tattara bokitansa.

Auta ta durƙusa.

"Baba, ni ce. Ni na wanke soson da sabulu."

Baba ya cire tabarau ya goge ido.

"Mahaifiyarki ma ta taɓa yi min haka. Shida suka mutu. Kwana uku ina mata faɗa, har yau ina nadama." Ya juya ga saurayin. "Kai ko tsawa ba ka yi ba. Ajiye bokitin. Ka turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba ya dafa kansu a gaban tankin.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Na ba ka amanarta, ɗana. Soson kawai za ka ɓoye mata."