Saba'in Cikin Ɗari

"Baba ya ce a maido kayan!"

Rahinatu ta tsaya cak a ƙofar gidan radiyon Dakoro. Amiru ne bisa babur, idonsa jajur.

"Wane kaya?"

"Na aurenmu, abar ƙaunata... Wai ba ya haɗa zuri'a da maƙaryaciya."

"Ni?!"

Ita ke karanta hasashen meteyo, wato na yanayin sama, a radiyo. Sati biyu baya ta ce yiwuwar ruwa mai ƙarfi kashi saba'in ce cikin ɗari. Malam Mainassara, uban Amiru, da ya ji muryar surukarsa ta gobe, sai ya kwashe irin hatsinsa kaf ya yi bizne a gonarsa ta Korahane, ya shibka a busasshiyar ƙasa yana jiran sama. Yayyafi kaɗai ya zo. Iri ya tsiro, rana ta ƙone shi.

"Ga Ramla tana bin gida-gida, wai farar ƙafa gare ki," in ji Amiru.

Ramla ɗiyar gwaggonsa ce, ta daɗe da sa masa ido. Haka kuwa aka saba: sama ta ƙi, a duba ƙafar mace.

"Tada babur. Wurin Baba za mu."

"Rahinatu! Budurwa gaban suruki? Ina kunya?"

"Kunya ta jira ni nan. In na dawo da aurena na ɗauke ta!"

A kasuwa ta sa ya tsaya, ta amshi wake goma da ƙaramin ƙoƙo.

Sun iske tsohon ƙarƙashin gawo a bakin gona, Ramla na dama masa fura. Rahinatu ta durƙusa ta gaida shi, ya amsa ciki-ciki. Ta zuba waken a ƙoƙo, fari bakwai, ja uku.

"Baba, don Allah a rufe ido a ɗauki ɗaya."

"Wasan yara kika zo yi mini?"

Amma ya ɗauka. Fari. Ta maida, ta girgiza. Fari kuma. Na uku ya fito ja.

"Baba, ƙoƙon ya yi ƙarya?"

"Ina ƙarya? Ai da ma jan na ciki."

"Saba'in ɗin ke nan, Baba. Talatin na ciki... su muka ɗauko bana."

"Ba haka kika faɗa ba!"

Ta sunkuyar da kai, hawaye suka zubo.

"Gaskiya ne. Na ɗaga murya a kan bakwan, na haɗiye ukun. Wannan laifina ne, a gafarce ni."

"Kawu, daɗin baki ne!" in ji Ramla. "Tun da ta shigo zancen gidan nan..."

"Baba," Rahinatu ta katse ta, "bizne goma, nawa ke kamawa?"

Ya shafa gemu. "Shida. Wani lokacin biyar."

"To, shekarun da sauran suka ƙone, ƙafar wa aka duba?"



Sai tsohon ya ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya.

"Tawa ce ta taka gonar! Kai Amiru, gobe ka tafi Sabon Maci wurin kawunka Samba ka amso iri, damina ba ta wuce ba. Kaya kuma su zauna inda suke."

Ramla ta suri ƙwaryarta ta yi gaba, ko ludayi ba ta ɗauka ba.

"Ɗiyata," ya ce yana jujjuya jan waken a tafinsa, "shi wannan ɗan nawa fa? Nawa kika ba shi zai riƙe ki da daraja?"

Kunyar da ta bari a Dakoro ta iso. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Saba'in, Baba."

"Saba'in?!" Amiru ya dafe ƙirji. "Haba, hasken idona! Ɗari fa nake jira!"

"Rufe mana baki," in ji tsohon. "Ɗari ta Allah ce. Saba'in kuwa, ni ma na shibka a kanta, kuma gobe zan sake."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Waken nan ja yana cikin aljihun Amiru har yau, wai don kada ya manta jan ma yana cikin ƙoƙon.