Bizar Ziyarar da Aka Hana Ni

"Tina, ki saurare ni mana. Mu je ofishin rajista a ɗaura kawai, zamanki ya tabbata."

Abin da Kambai ya tare ni da shi ke nan ranar da na sauka Birmingham idanuna a kumbure. Shekara uku muna soyayya, shi yana tuƙa bas a can, ni ina kula da tsofaffi a wani gida a Manchester.

Ni na ajiye aikin da kaina. Tun da gwamnati ta zaftare kuɗin irin waɗannan gidaje aka sallami rabinmu, na koma ni kaɗai da tsofaffin bene guda. Ranar da wata tsohuwa ta faɗi a banɗaki ina can ina ba wani abinci, na san ba zan iya ci gaba ba. Sai dai bizata da aikin take haɗe.

Na zaci zan mayar da ita ta ziyara, in zauna kusa da Kambai kafin in samu wani aikin. Lauya ya ce ba a yin haka daga cikin ƙasar, sai in koma gida in nema, kuma babu tabbas.

Shi Kambai yana da takardar zama, auren zai rufa min asiri. Amma na tuna masa da Baba. Tun rasuwar Mama ni kaɗai na rage masa, ta yaya zai ji aurena a waya? Ya ce ai tsoho zai fahimta.

"Zai fahimta, masoyina... ba zai ce komai ba. Shirun nan nasa ne ba zan iya ɗauka ba."

Ransa ya ɓaci. Ya ce in na tafi ba za su bari in dawo ba. Har ya kai ni filin jirgi bai ƙara tayar da maganar ba.

Gaskiyarsa ce. Da na koma garinmu Zonkwa na nemi bizar ziyara, aka hana ni, wai ba su yarda zan koma gida ba tunda ba ni da aiki. Na kira shi ina kuka. "To," kawai ya ce, ya kashe waya. Daga nan shiru.

Na rame har Baba ya lura. Wata rana ya zauna kusa da ni ya ce, "Celestina, ni na ja miki ko?" Na ce a'a, amma hawaye suka tona ni.

Wata Asabar ina wanki a tsakar gida mota ta tsaya a ƙofarmu. Dattawa biyu suka fito, kawunnan Kambai ne. A bayansu shi kansa, sanye da kaftanin da ya yi masa yawa.

"Ke suka hana zuwa," ya ce a hankali. "Ni wa zai hana ni?"

Ya wuce ya durƙusa a gaban Baba. Baba ya dube shi, sannan ya ce in kawo wa baƙi ruwa.

Kafin Kirsimeti aka ɗaura aurenmu a cocin garinmu. Kambai ya koma bakin aikinsa, ni ina nan ina jiran bizar matar aure. Wannan jiran bai dame ni ba. Kullum da yamma Baba ne ma yake fara tambaya ko surukinsa ya kira.